Dogo da Jakar Barci: Daga Kasuwar Maradi Zuwa Dajin Gadabeji

Wajen ƙarfe uku na dare na haƙura da barci a bakin tafkin Madarunfa. Cikin Disamba ne, hunturu ya kankama. Mu huɗu muka taso da ƙafa daga Maradi bayan sallar asuba, muka bi gefen Gulbi ta cikin garake, muna ratsa tumatir da zogale da rogo, ba mu isa ba sai la'asar sakaliya. Da rana babu wanda ya tuna da sanyi, zufa ma muke sharcewa. Amma ana idar da isha'i iska ta taso daga kan ruwa, kowa ya shige abin kwanciyarsa. Ƴan uwana uku suka yi shiru, ni kuwa na shiga kokawa.

Jakar barcin da nake ciki, irin bargon nan mai zif da ake shiga cikinsa a kwana, ta aro ce. Wani abokina da ya taɓa aikin daji ya ba ni ita, ya ce har Agadas ta raka shi ba ta taɓa ba shi kunya ba. Gaskiya ya faɗa, sai dai shi a kafaɗata yake tsayawa. Tsawona mita 1 da santimita 94, tun muna lakwal ake kirana Dogo. In na jawo jakar sama don ta rufe kafaɗuna, yatsun ƙafata su tokare ƙarshenta, ƙyallen ya ɗame kamar fatar kalangu. In na sassauta wa ƙafa, wuya da ƙirji suna waje iska na kaɗa su. Na gwada naɗewa, gwiwoyina suka cika faɗinta suka danne gefe, sanyin ya koma shigowa ta nan. Hular da aka ɗinka mata don ta rufe kai kuwa a ƙeyata ta tsaya. Daga ƙarshe na fito na yafa ta kamar mayafi, na je na tsuguna wajen wutar wasu masunta har aka kira assalatu.

Abin ya tsaya mini a rai, don kuwa jakar ba siririya ba ce, mai kauri ce, kuma daren bai kai sanyin da zai gagare ta ba. Sai daga baya na gane inda gizo ke saƙa. Jakar barci ba ta da ɗumin kanta. Jikin mutum shi ne murhun, abin da aka cusa cikin ƙyallen kuwa aikinsa ya riƙe iskar da jiki ya ɗumama kada ta gudu. Muddin cikon nan a kumbure yake, akwai iska a tsakaninsa, akwai ɗumi. Duk inda aka danne shi ya koma falle biyu na ƙyalle kawai. Wanda ya taɓa kwana kan tsohuwar katifar auduga da ta lotsa a tsakiya, har yana jin katakon gado a haƙarƙarinsa, ya san abin da nake nufi. To dogon mutum cikin gajerar jaka da kansa yake danne cikon, kuma a wuraren da suka fi saurin jin sanyi: ƙafa, gwiwa, kafaɗa da kai.

Da a ce Madarunfa ce kaɗai, da na bar zancen. Amma mun riga mun ƙulla wata tafiyar cikin Janairu, kwana huɗu da ƙafa a dajin Gadabeji, can arewacin jiharmu, inda babu bango babu rumfa. Kawuna mai fataucin shanu, wanda ya san ƙasar Dakoro da Bermo kamar tafin hannunsa, shi ya shirya mana masauki da ɗan rakiya. Da na ba shi labarin darena sai ya ce, “Dogo, in sanyin Madarunfa ya hana ka barci, na can sai ya sa ka kuka. Ka nemi abin kirki tun da wuri.” Na ce, “To, Kawu.” Washegari na shiga babbar kasuwa, layin ƴan gwanjo.

Rumfar farko na yi sallama, muka gaisa, na ce, “Alhaji, jakar barci nake nema.”

Ya ce, “Jakar mi?”

Na kwatanta masa da hannu. Ya ce, “Af, bargon soja kake nufi, mai zif. Ka ce mini haka mana.” Ya tura yaronsa ƙuryar rumfa, ya jawo guda uku daga ƙarƙashin tulin barguna da rigunan sanyi. Alhaji ya warware ɗaya, ya ɗaga ta sama ya jera ta da ni ina tsaye. “Ka gani? Ta ma fi ka tsawo. Wagga ko raƙumi ta ɗauka.” A ido kam ta fi ni. A takardar da ke ɗinke jikinta an rubuta 210 da 75, wato tsawo da faɗi a santimita. Har na kai hannu aljihu, sai na tuna ta aron nan ma da na shimfiɗa ta a ƙasa ta yi kama da wadda za ta ishe ni. Na roƙi Alhaji ya ba ni tabarma. Na tuɓe takalmi, na shiga, na ja zif. Kafin hular ta hau kaina yatsuna sun riga sun tokare.

Lambar nan ta 210 tsawon jakar ne daga waje, tun daga tsinin hula har ƙarshen ƙafa, a shimfiɗe babu kowa ciki. Hula ta ci nata, kaurin ciko ya ci nasa a sama da ƙasa, kuma da zarar jiki ya shiga ya ɗaga ƙyallen, tsawon ya ƙara raguwa. A gwaje-gwajen da na yi ta yi a kasuwa, sai ka cire santimita 25 zuwa 30 kafin ka sami tsawon mutumin da jakar za ta ɗauka. Ga kuma wani abin da ban taɓa lura da shi ba sai lokacin: mutum a kwance ya fi kansa a tsaye tsawo. In ka yi rigingine tafin ƙafa ba ya tsayawa cak kamar a ƙasa, yatsu gaba suke miƙewa, ƙashin baya ma yana saki in nauyi ya sauka daga kansa. Wanda ya auna kansa jikin bango ya tafi kasuwa da lambar nan kaɗai, ya rage wa kansa.

Masu ƙera jakunkunan galibi kashi biyu suke yi wa manya. Ta gama-gari tana ɗaukar mutum har santimita 183, doguwar kuma har 198. Wasu kamfanonin da haruffa suke rabawa irin na riga, M da L da XL, ta ƙarshen ita ce ta wanda ya haura 185. Matsalarmu a nan, abin da Turawa suka fi saye shi suka fi zubarwa, shi ne kuma ke zuwa mana cikin dila. Cikin goma da na taɓa, tara na gama-gari ne ko na yara. Alhaji ya ƙara mini da cewa tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da suka saba shigowa ta Kwatano sai sun yi dogon zagaye, dila ta yi tsada, ba kullum ake kwance sabuwa ba. Na bar masa lambar wayata, na ce in ya ga mai tsawo ya kira ni ko da tsakar dare ne.

Mako uku na yi ina zarya. A cikinsu ne na koyi karanta ɗan allon lambobin da ake bugawa a jikin jakunkunan kirki. Lambobi uku ne na ma'aunin zafi, da Faransanci an rubuta confort, limite, extrême. Ba da ka ake sa su ba. Akwai ƙa'idar gwaji ta Turai mai lamba EN 13537, wadda daga baya ISO 23537 ta maye gurbinta, inda ake kwantar da mutum-mutumi mai ɗumin jikin ɗan Adam cikin jakar, kan shimfiɗa, a ɗaki mai sanyi, a auna yawan ɗumin da ke tserewa. Lambar farko ita ce sanyin da mace mai matsakaicin jiki za ta yi barci a sake. Ta biyu, iyakar da namiji zai iya barci a naɗe ba tare da sanyi ya tashe shi ba. Ta ukun ba ta barci ba ce sam, ta tsira da rai ce, kana karkarwa na ƴan awoyi. Amma ita ta uku ta fi girma a ido, ita mai sayarwa zai nuna maka: “Dubi nan, har ƙasa da sifili da goma sha biyar!” Ni ta farkon kaɗai nake dubawa, kuma tun da kayan gwanjo ne, wani ya riga ya more shi cikon ya ɗan kwanta, sai in ƙara mata digiri huɗu ko biyar a zuciyata. Kuma duk lambobin nan da mutum-mutumin da ya dace da jakar aka same su. In ta yi maka kaɗan, ba da kai suke magana ba.

Ciko ma iri biyu ne. Akwai lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko dinya, wanda za ka ga an rubuta masa 600 ko 700 ko 800, gwargwadon yadda yake kumbura. Ba shi da nauyi, yana dunƙulewa ya koma kamar kwakwa, kuma babu abin da ya kai shi ɗumi in aka kwatanta da nauyinsa. Aibinsa ruwa, in ya jiƙe ya tashi aiki. Mu da ba a ruwa da hunturu wannan bai dame mu ba, har na so in same shi. Sai dai guda biyun da na gani a kasuwa, da na ɗaga su saitin rana, gashin ya cure gefe guda, wasu gidajen ɗinkin fayau kana hango haske. Kuma dajinmu dajin ƙaya ne, huda ɗaya ta isa gashi ya riƙa fita. Ɗaya irin shi ne audugar roba. Ta fi nauyi, ta fi cin wuri, amma ta fi araha, tana wankuwa, kuma tela na iya taɓa ta.

Zancen tela ma na gwada shi. Da na ga lokaci na ƙurewa sai na ɗauki gajeru biyu na kai wa wani dattijon tela a Sabon Gari, wanda ke mana ɗinki tun ina yaro. Na ce, “Baba, a yanke gindin wannan a ƙara mata kamu ɗaya daga waccan.” Ya sa tabarau, ya juya jakar ciki waje, ya daɗe yana bin ɗinkin da yatsa. Sa'an nan ya ce, “Ɗana, zo ka gani. Ɗinkin ciki daban, na waje daban, ba su haɗu wuri ɗaya ba. Da gangan suka yi haka. Ni in na ɗora ta kan keke, allura za ta huda ciki da waje lokaci guda ta matse audugar. Zan ƙara maka tsawo, in kuma yi maka zoben sanyi daidai ƙwaurinka.” Ya ce in babu yadda za a yi zai zauna ya yi da hannu, falle-falle, amma in ƙara haƙuri tukuna. Na mayar wa mai su, ina jin nauyin maganar dattijon nan. Bai taɓa kwana cikin irin jakar ba, amma yatsansa ya karanta abin da ni sai da na sha sanyi na gane.

Saura kwana shida mu tashi Alhaji ya turo mini hoto ta WhatsApp, ya biyo da murya: “Dogo, ka zo yanzu, na kwance dila.” Na hau kabu-kabu. Shuɗiya ce mai duhu, irin mai faɗi a kafaɗa tana tsukewa zuwa ƙafa, audugar roba, an rubuta 225 a tsawo, lambar farko digiri 5. Wannan karon ban tsaya kallon takarda ba. Aka shimfiɗa tabarma a gaban rumfa, masu wucewa suka tsaya, ban kula ba. Na shiga da rigar sanyina a jiki, don haka zan kwana a daji. Na yi rigingine, na sa kaina cikin hula sosai, na ja igiyarta har saura fuska. Na miƙe yatsun ƙafa iyakar miƙewa, na ce wa yaron Alhaji ya taɓa daga waje ya gaya mini abin da ya rage. Ya ce kusan rabin taƙi. Na juya dama, na juya hagu, na naɗe gwiwa kamar yadda na saba barci, na harɗe hannuwa a ƙirji in ji ko kafaɗa za ta ɗame ƙyallen. Wannan gwajin na kafaɗa kada dogo ya raina shi, don akwai jakar da za ta ishe ka a tsawo ta shaƙe ka a faɗi. Babu inda ta ja. Aibinta ɗaya, kan zif ɗin ya saki, yana rufewa yana buɗewa a baya. Alhaji ya sa jika ashirin, na nuna masa zif, muka daidaita a sha uku. Baba tela ya matse kan zif ɗin da filaya cikin minti biyu, ya goga masa kyandir, ya ƙi karɓar ko dala.

Da na kai ta gida na shiga don in nuna wa Inna, sai ta kau da kai ta ce, “A'uzubillahi, fito daga abin nan, kamar likkafani.” Ban yi mata musu ba, don su ma masu yin ta sunan gawarwakin Masar na dā da ake naɗewa suka ba wannan siffar. Na dai yi mata bayani cewa tsukewar ce amfaninta, iskar da jiki zai ɗumama ba ta da yawa. Ta ce ta ji, amma ba za a kwana da warin gwanjo a gidanta ba. Ita ta wanke ta da hannu a babban baho, ba ta murɗe ta ba, ta matse ruwan a hankali ta baza ta kan igiya biyu a inuwa. Iskar hunturu ta busar da ita yini ɗaya. Daren nan na kwana cikinta a tsakar gida, sai kiran sallah ya tashe ni.

Ranar tafiya muka shiga mota a tasha da sassafe, na biya kuɗin kujerar gaba saboda ƙafafuna. Muka wuce Tibiri, muka bar babbar hanya muka miƙi arewa, Kornaka, sa'an nan Dakoro wajen azahar. Daga nan kwalta ta ƙare mana, muka hau bayan motar ƴan kasuwa cikin buhunan gero da jarkoki. Tun kana ganin karan gero da rumbuna a gefen hanya har su fara tazara, gawo ya ragu, aduwa da farar ƙaya su karɓi wuri. Da muka gangara kwarin Tarka muka haye, wani malamin makaranta da ke kusa da ni ya ce nan ne kusan iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ta kiwo, ko da yake gonaki sun daɗe da tsallake ta. Ana gab da magariba muka sauka, jikinmu fari fat da ƙura.

Gadabeji gandun daji ne tun 1955, faɗinsa kadada dubu 76, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu tare da mutanen da ke rayuwa a gefensu. Ba a shiga haka kawai. Da safe muka gaida manya, muka je wajen ma'aikatan gandun daji, suka haɗa mu da ɗaya daga cikinsu. Ɗan rakiyar da Kawu ya samo mana dattijo ne Ba'abzine, Hausarsa tsaf, da raƙuminsa guda mai ɗauke mana ruwa. Sauran kaya kowa ya goya nasa. Jakata ta cinye kusan rabin jakar goyona, nauyinta ya haura kilo ɗaya da rabi, kuma na ji shi a kafaɗa kafin azahar. Wannan shi ne kuɗin da dogo ke biya, ƙarin ƙyalle da ƙarin ciko, babu yadda za a yi.

Tafiyar kanta ba ta da hayaniya. Tuddan rairayi masu laushi, busasshiyar ciyawa ruwan zinariya, aduwa nan da can, anza da tumfafiya a kwari. Sau biyu muka hangi barewa ta ɗaga kai ta dube mu ta ɓace. Abin da ya fi damunmu ƙarangiya, ta cika safa da ƙafar wando. Da yamma dattijon ya zaɓa mana bayan wani tudu inda iska ba ta bugowa kai tsaye, ya karyo reshe ya ce kowa ya share makwancinsa sarai kafin ya shimfiɗa kome. Ya dafa shayi, muka ci gari da ƙuli-ƙuli da cuku. Sama ta yi tas, taurari kamar ka miƙa hannu ka tsinko. Irin wannan daren ne mafi sanyi, don babu gajimare babu laima a iska da za su tare ɗumin da ƙasa ta sha da rana. Rairayin da ya ƙona maka ƙafa da azahar, kafin tsakar dare ya saki zafinsa duka.

Na canza rigar da na yi zufa cikinta, na sa busasshiyar safa, na shiga na ja zif har wuya. Na miƙe iyakar tsawona. Ban san yadda zan kwatanta daɗin wannan ga wanda bai saba naɗe ƙafa a gadon baƙunta da kujerar mota da bargon aro ba. Barci ya ɗauke ni ina kallon Zara... sai can gab da asuba na farka da sanyi a dugaduguna. Raina ya ɓaci, na ce ko na sake yin asarar kuɗi. Na lalubo da hannu, sai na tarar ba laifin jakar ba ne. Ƴar shimfiɗar soso da nake kai santimita 180 ce, ƙafafuna sun zarce ta suna kan rairayi tsirara, nauyinsu ya danne cikon da ke ƙarƙashi. Duk lissafin da na yi a kasuwa na manta da abin da zan kwanta a kai. Ɗan ma'aunin zafin da ke rataye a jakar goyona ya nuna 8.

Dattijon ya riga ya tashi yana hura wuta, bargonsa ɗaya da rawani, da wata tsohuwar tabarma da ya ninka biyu. Na gaishe shi na faɗa masa. Ya ce, “Ɗana, ku kuna tsoron sanyin sama. Na ƙasa shi ke kashe ƙafa. Abin da ka sa ƙarƙashinka ya fi abin da ka rufa.” Daren na biyu na juye kayan jakar goyona, na shimfiɗa ta a ƙarshen soson, na ɗora ƙafafuna a kai. Shi ke nan, ban ƙara farkawa ba sai don sallah. Ana sayar da doguwar shimfiɗa mai kusan mita biyu, amma ban taɓa cin karo da ita a Maradi ba, kuma dabarar jakar goyo ta wadatar da ni.

Wanda ya sha wuya a tafiyar ɗaya abokin namu ne, gajere siriri, da ya zo da wata ƙatuwar jaka mai kusurwa huɗu, faɗinta ɗaya daga sama har ƙasa, babu hula. Ya yi zaton yalwa alheri ce. Kusan kamu guda na jakar ya rage fanko a ƙasan ƙafarsa, jikinsa na ta aikin ɗumama iskar da ba ta amfane shi, bakin kuma a wangale, duk motsin da ya yi ɗumin ya fice. Ni gajarta ta cuce ni a Madarunfa, shi tsawo ya cuce shi a Gadabeji. Muka cusa rigunansa a gindin jakar, muka ɗaure ragowar da igiyar raƙumi, dattijon ya naɗa masa rawani ya rufe kai da wuya. Ya kuma hana shi cusa fuska ciki, ya ce numfashi na jiƙa bargo, kafin asuba raɓarsa ta koma sanyi. Kowace safiya kuwa sai mun zazzage takalma da jakunkuna kafin mu sa hannu, ko da yake kunama ba ta cika yawo da hunturu ba.

A safiya ta uku ma'aikacin gandun daji ya tsaya ya nuna mana sawu a rairayi, kofato rababbe, ya fi na saniya girma nesa ba kusa ba. Muka bi shi shiru fiye da awa ɗaya. Sai ga su a wani kwari, uku, kawunansu sun zarce itatuwan da suke ci. Raƙuman dawa. Kusan shekara hamsin babu su a dajin nan, fari da farauta sun ƙarar da su, sai a ƙarshen 2018 aka ɗauko takwas daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su a mota aka sake su a nan. Ɗaya ta juyo ta zuba mana ido, tana tauna, harshenta baƙi-baƙi yana zagaye ƙaya yana tsinko ganye. Babu wanda ya yi magana. Dattijon ya ce a hankali, mahaifinsa ya sha ba shi labarinsu yana yaro, bai taɓa zaton zai gan su da idonsa a ƙasar da aka haife shi ba. Muka zauna kan tudu har suka gaji da mu suka taka, ƙafafu biyu na gefe guda suna tafiya tare, ba gaggawa.

Daren ƙarshe iska ta tashi sosai, ta kawo ƙura har taurari suka dushe. Na tsuke igiyar hula saura hanci, na rufe shi da gefen rawanin da na saya a Dakoro, ina jin rairayi na bugun ƙyallen kamar yayyafi. Da gari ya waye rairayi ya taru a jikin jakar ta gefen gabas, ni kuwa ƙafafuna da ɗumi.

Mun dawo Maradi ranar Alhamis da dare. Juma'a bayan an sauko daga masallaci na baza jakar a tsakar gida, ni da Inna muka zauna muna tsince ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, ita da ɗan hantsaki, ni da farce. Ta daina kiranta likkafani, bargon Dogo take cewa. Ban mayar da ita cikin ƴar jakarta ta matsi ba, don in ta daɗe a dunƙule cikon mutuwa yake yi. Na sa ta sako-sako cikin wankakken buhun shinkafa zan rataye a ɗaki, sai ga ɗan Kawu ya shigo, yaro ɗan shekara goma sha shida da ya riga ya kai kunnena. Ya ce, “Yaya, in gwada?” Na zazzage masa ita. Ya tuɓe takalmi ya shiga, na ce ya sa kai cikin hula ya miƙe yatsu. Na taɓa daga waje, saura taƙi ɗaya da ƴan kai. Ya leƙo ta ƴar kafar fuskar ya tambaye ni ranar da Alhaji zai kwance sabuwar dila.